Telli Ya Danna "Wataƙila"

Bronx, 3 ga Oktoba

Daga Alhaji Cerno Madiyu Bah, ƙanin kakanka, babban dangin Bah a wannan nahiya, wanda ya sauke Alƙur'ani tun ba a haifi ubanka ba, ya je Makka sau bakwai, zuwa ga jikana Telli a garin Marlo na jihar Iowa.

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina gaishe ka, ina gaida matarka Idiyatu da abin da take ɗauke da shi. Mu nan lafiya, sai gwiwa da kunne. Kunnen ya mutu sarai, saboda haka kada ka wahalar da kanka da kiran waya. Takarda za ka rubuto, ka aiko gidan gwaggonka Dalanda, nan ake karɓar mini wasiƙu.

Labari ya iso mini, kuma bai yi mini daɗi ba. An ce wata tara ke nan kuna garin nan, ba ka san kowa ba in ban da talo-talon da kake figewa a masana'anta. Daga aiki sai ɗaki, 'yar mutane tana zaune ita kaɗai tana kallon gonar masara ta taga. An ce ta rantse ba za ta haihu a inda ranar suna ba mai shigowa ya ce mata barka ba. Za ta taho nan wurin innarta, kuma ba ta ce za ta koma ba. Kai kuwa amsarka ita ce wai garin babu mutane. Telli, garin da ke da asibiti da gidan mai har uku, su waye ke shan man?

Ga umarnina. Wayar nan da kake kallon ƙwallo da ita, ka buɗe Fesbuk, akwai inda ake jera tarukan da za a yi kusa da kai. Ka rubuta sunan garinku. Ka shiga zauren 'yan gari, inda suke cigiyar kyanwa da tallar tsohuwar kujera. Ka leƙa shafin ɗakin karatu da na asibiti. Duk taron da ka gani, in dai ba na giya ba ne, ka ɗauki matarka ku je. Kada ka tambayi inda tsoho kamata ya san wannan. Ina da jikoki.

Kuma ka riƙe tarbiyyar gidanmu. Kada ka kuskura ka ce za ka yi abu gobe ba ka haɗa da "in Allah ya so" ba, ko da baki ko a rubuce.

Ɗan gwaggonka Saiku yana gaishe ka. Yaro mai albarka, mai kunya, duk Bronx babu kamarsa. Na ji ka toshe lambarsa. Za mu yi wannan maganar wata rana.

Maganar nan ta tsaya tsakanina da kai.

Kakanka,
Cerno Madiyu


Marlo, 19 ga Oktoba

Allah ya gafarta Malam,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Allah ya ƙara wa Kaka lafiya, ya sauƙaƙa gwiwa da kunne. Idiyatu tana gaisuwa, jikinta da sauƙi, sai kumburin ƙafa. A yi mini afuwa da jinkiri. Rabona da ajami tun ina ɗan shekara goma, kwana huɗu na yi ina haɗa haruffan. Ni kuma da boko zan mayar da amsa, na san za a samu mai karantawa.

Na bi umarni. Abin da na samu a tarukan garinmu shi ne: gasar wanda ya fi noma babbar kabewa, zaman tsofaffi masu saƙa, da ranar da ake kai karnuka a sa musu kaya a ɗauke su hoto. Ban ga wanda zan kai mace mai ciki ba. Sai na ga an rubuta cin abincin maƙwabta a filin shaƙatawa, ranar Asabar, ƙarfe biyu, kowa ya zo.

Idiyatu ta sa shaddarta ta ɗaura ɗankwali, ni na sa babbar riga. Ba mu ci komai a gida ba. Muka isa ƙarfe huɗu, kamar yadda kowane mai hankali ke zuwa biki. Kaka, muka tarar ana naɗe kujeru. Wata tsohuwa ta tare mu da fara'a ta tambayi wane abinci muka kawo. Na yi dariya don na zaci wasa take. Ashe a nan in an gayyace ka cin abinci, kai za ka dafo ka kawo. Da ta ga hannunmu babu komai, sai ta ba mu ragowar taliya mai sanyi da aka cakuɗa da wani farin abu, a cikin roba, ta ce mu riƙe robar. Idiyatu ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Sai da muka kusa gida ta juyo gare ni.

"Ka gama?" ta ce. "Ko akwai sauran inda za ka kai ni a ba ni sadaka?"

Duk da haka na koma na sake dubawa, kuma na ga wani abu mai kama da abin da muke nema. Wata mata mai suna Marlene, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, tana tara baƙin gari da mata masu ciki a gidanta sau biyu a wata. A hotunan na ga mata biyu da lulluɓi, ɗaya hannunta da lalle. Sai dai ba a rubuta adireshin gidan ba. A ƙasa akwai wurin dannawa guda uku: zan je, wataƙila, ba zan je ba. Na duba ko'ina ban ga inda mutum zai sa "in Allah ya so" ba. Na tuna gargaɗin Kaka, sai na danna wataƙila. Ina jiran adireshi.

Game da Saiku, da girman Kaka, ina jin ba a gaya wa Kaka komai ba. Yaron nan ya ɗauki hotona ya manna mini rawani da fikafikai, ya sa a zauren dangi cewa an naɗa ni sarkin talo-talon Iowa. Har mutane suka je yi wa mahaifiyata murna can garinmu Labe. Wasan 'ya'yan gwaggo da kawu na sani, amma wannan ya wuce wasa.

Jikanka,
Telli


Bronx, 27 ga Oktoba

Jikana Telli,

Bayan gaisuwa, takardarka ta iso, mun same ta muna lafiya. Na karanta shafin farko na yi dariya har gwiwata ta tashi. Shekara goma sha shida ka yi a boko, da takardun shaida har an rataye su a bango a Labe, ka ɗauki cikinka fanko ka kai wa mutanen Iowa su cika maka. Da Saiku ne, da bai yi wannan kuskuren ba, shi da ko ajin farko bai shiga ba. Yaron da ke kai abinci a keke daga nan har tsakiyar birni, ba titin da ya taɓa ɓace masa.

To saurara. Mutanen nan in sun ce ƙarfe biyu, ƙarfe biyu saura suke nufi. Ba a zuwa musu hannu sake. Ka sa Idiyatu ta dafa acca da miyar ganye, ta rage barkono kada ku kashe wani. Babbar rigar ka ajiye ta, ba ɗaurin aure za ka ba. In ka shiga ka buɗe baki ka yi magana, kada ka nemi lungu ka tsaya kamar mai gadi, na san halinka tun kana yaro.

Na hango a shafi na biyu kamar kana cewa ka riƙe gargaɗina. Madalla, Allah ya yi maka albarka. Ci gaba a haka.

Batun rawani kuwa, na ga hoton. Ya yi maka kyau.

Kakanka


Marlo, 15 ga Nuwamba

Allah ya gafarta Malam,

Ina gaisuwa. Mu nan jiki lafiya, amma gida ba lafiya. Wasiƙar Kaka ta yi kwana tara a hanya, na sake yin uku ina karantawa, kuma a ƙarshe ban ga amsar abin da ya fi damuna ba. An ce in ci gaba a haka, na ci gaba.

Taron Marlene ya wuce sau biyu. Kowane karo na danna wataƙila, kowane karo adireshi bai zo ba. Bayan taron sai in ga sababbin hotuna, ga matan nan masu lulluɓi suna dariya suna shan shayi, a garin da nake, wataƙila titi biyu tsakaninmu. Wani abokin aikina ya ce in aika wa matar saƙo kawai. Kaka ya san ba zan shiga akwatin saƙon matar wani ba, ni da ba ta sani ba. Idiyatu kuma ba ta rubuta Turanci.

Karon farko ta dafa abinci, muka zauna muna kallon waya har tukunya ta huce. Karo na biyu na ce ba zan zauna ba. Garin ba shi da girma, na ce duk gidan da muka ga motoci da yawa a ƙofa, nan ne. Na sa tukunyar acca a kujerar baya na ɗaura mata bel, muka yi ta zagaya unguwanni. A titi na bakwai muka ga gida da motoci tara. Na ɗauki tukunya na ƙwanƙwasa. Wani ƙato mai jan gemu ya buɗe. Maza ne cike da falo suna kallon ƙwallon nan tasu da ake rungumewa a gudu. Na yi bayani, bai san wata Marlene ba, amma idonsa na kan tukunya. Kafin in gama ba da haƙuri sun ja ni ciki, sun kawo cokula. Sun cinye tas, ɗaya har yana hawaye don barkono yana ƙarawa. Idiyatu tana mota ita kaɗai kusan minti arba'in.

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Washegari ta kira innarta, an sayo mata tikitin jirgi na ranar Lahadi 30 ga wannan wata, domin likita ta ce bayan wannan makon ba tafiya. Akwatinta yana buɗe a tsakar ɗaki, kullum sai ta ƙara wani abu. Jiya na ga ta sa turminta na ƙarfe a ciki. Mai tafiya haihuwa ta dawo ba ta ɗaukar turmi.

Na ce mata ta ƙara haƙuri, ta ce ba ni ta gaji da shi ba. Ta ce ta yi lissafin ranar suna, ta ga daga ita sai ni sai jariri, ni zan raɗa suna, ni zan ce amin, ni zan ci naman. Ni ma lissafin da nake yi ke nan a wurin aiki.

Kaka, an ce in nemi mutane, na nema. Ga su a cikin wayata, na san fuskokinsu, na san kalar labulen falon, na kasa samun ƙofar. Akwai taro ɗaya da ya rage, Asabar 29 ga wata. Na riga na danna wataƙila. In wannan ma ya wuce, ina neman izini in ajiye aikin in bi ta, ko da kuwa wanke mota zan koma yi a Bronx.

Telli


Bronx, 21 ga Nuwamba

Telli,

Gaisuwa a taƙaice, lafiya lau, wannan ta hanyar gaggawa na aiko ta.

Ka danna ZAN JE. Yanzu, kafin ka ƙarasa karanta wannan. Ka ajiye takardar ka danna ka dawo.

Matar nan a gidanta take taro. Ba za ta rubuta adireshinta duniya ta gani ba. Wanda ya ce zai je shi take aika wa, don ta san kujera nawa za ta fitar. Wataƙila a wurinsu ba ladabi ba ne, hanyar cewa ba za ka zo ba ce ba tare da an ji haushi ba. Mako biyar kana gaya wa baiwar Allah ba za ka zo ba, kana kuma zaune da tukunya kana jiranta.

Ka ce "in Allah ya so" da bakinka, babban yatsanka kuma ya yi aikinsa. Allah yana jin bakin, ba sai an yi masa wurin dannawa ba. Kai wane irin ɗan boko ne da za a gaya maka magana ɗaya ka ɗauke ta a ka har ta rushe maka gida?

Laifin ba naka kaɗai ba ne. Rubutunka na boko kamar kiyashi ya faɗa tawada. Shafi na biyu na waccan wasiƙar ban iya shi ba, kalma uku na tsinta na yi maka albarka a kansu. Sai jiya na ba wani mai shago ya karanta mini duka biyun, kuma tun jiyan abinci bai shiga cikina ba.

Kada ka taɓa aikinka. Kada ka taɓa akwatinta, kada ka roƙe ta. Ka ce mata kawai ta raka ka wuri ɗaya kafin ta tafi. Ka rubuto ranar da kuka dawo.

Cerno


Marlo, 1 ga Disamba

Allah ya gafarta Malam, Allah ya ja kwana,

Gaisuwa daga ni da Idiyatu, wadda ke zaune kusa da ni yanzu tana tsince shinkafa.

Na danna. Ban kai ga mayar da wayar aljihu ba adireshi ya shigo. Gidan yana bayan shagon da nake sayen madara, na wuce ta ƙofarsa ya fi sau ɗari.

Mun je da wuri har muka wuce gona da iri, muka tarar da Marlene da silifas tana share falo. Da na faɗi sunana sai ta ajiye tsintsiya ta kira mijinta ya zo ya ga Mista Wataƙila da idonsa. Ta ce tun Oktoba take ganin sunana, har sun yi musu ko mutum ne ko na'ura. Na yi mata bayanin dalili. Sai ta ce kakarta ma ba ta taɓa cewa za ta zo coci ba sai ta ƙara da in Ubangiji ya yarda, amma duk da haka tana faɗin kujera nawa za a ajiye mata.

Mutum goma sha ɗaya suka zo. Mai lallen nan sunanta Ikhlas, 'yar Sudan ce, mijinta yana aiki a masana'antarmu, wani sashe daban. Ɗayar Hodan, 'yar Somaliya, 'ya'yanta huɗu duk a garin nan ta haife su. Idiyatu ta zauna a bakin kujera da jakarta a cinya kamar mai jiran mota. Ni aka ja ni wurin maza, ina leƙenta. Can na ga Ikhlas ta matsa ta ɗora hannu a cikinta. Da guntun Turanci da guntun Larabci da hannu ta tambaye ta wa zai yi wa jariri wanka. Idiyatu ta ce babu. Ikhlas ta juya ta yi wa Hodan magana, sannan ta ɗaga yatsu tana lissafi.

"Ni," ta ce. "Hodan. Marlene ma, in mun koya mata. Ke dai ki haihu."

Idiyatu ta sunkuyar da kai ta daɗe ba ta ɗago ba.

Jiya Lahadi na shirya mota tun safe don in kai ta filin jirgi, kamar yadda Kaka ya ce, ban roƙe ta ba. Na shigo na tarar ta fito da turmi tana daka citta. Na tsaya ina kallonta. Ta ce in daina tsaya mata a ka. Ta ce za ta haihu a nan ta ga ko za su zo da gaske, in ba su zo ba ita da ni ne. Sauran kayan suna cikin akwati har yanzu.

Mijin Ikhlas ya san wani manomi da ke sayar da rago ya bar mutum ya yanka da hannunsa. Ƙaton nan mai jan gemu ma mun haɗu a gidan mai, ya tambayi yaushe za a sake dafa abin nan.

Kaka, ban san yadda zan gode ba. Mun yi shawara da Idiyatu, domin dole ta sa na gaya mata wanda ya tsaya mana. Likita ta ce namiji ne. Sunansa Madiyu, in Allah ya so. Na kira Baffa Sadu a Harlem, zai kawo goro masallaci ranar Juma'a 12 ga wata, ya nemi izinin sunan a gaban jama'a bayan an sallame, ya kuma faɗa musu abin da Kaka ya yi mana.

Jikanka mai biyayya,
Telli


Bronx, 6 ga Disamba

Jikana Telli,

Bayan gaisuwa, na yi murna matuƙa, Allah ya sauke ta lafiya. Sai dai batun goro a dakata. Haƙorana ba sa iya goro yanzu. Kuma sunan Madiyu yana da nauyi, yaro kan yi jinkirin tafiya da shi. Kuma ranar Juma'ar nan ina jin ba zan sami zuwa masallaci ba, saboda gwiwa. Kuma Sadu mutum ne mai yawan aiki, bai kamata a

Telli, na rasa ƙaryar da zan ƙara. Ka kira Baffa Sadu yau ka tsayar da shi, don girman Allah.

Tsohon nan, Cerno Madiyu, kunnensa garau yake, yana jin ƙarar buɗe leda daga sahu na biyar. Makka sau ɗaya ya je. Bai san akwai wani gari Marlo ba, bai taɓa riƙe waya mai hoto ba, kuma sandarsa ba ta ado ba ce. In Baffa Sadu ya miƙe gaban jama'a ya fara yabonsa a kan Fesbuk, kafin a fita daga masallaci an gano hannun wa ke ciki, domin duk danginmu a nan mutum biyu ne ke rubuta ajami mai kyau, shi da wanda ya koya wa da bulala.

Ranar da abin ya fara, ina kicin ina cin abinci, Idiyatu ta kira innata. Wayar a buɗe take, na ji tana kuka tana cewa ta yi kwana goma sha biyu ba ta yi magana da kowa ba sai kai. Na kira ka ya fi sau goma, ka toshe ni. Na san ko ka ɗauka za ka ce wasa ne, kuma da gaskiyarka. Na kuma san ba ka jin maganar duk wanda bai kai tamanin ba. Sai na ari sunan tsohon.

Gargaɗin nan na "in Allah ya so" na sa shi ne kawai don takardar ta yi warin tsoho. Ban taɓa zaton akwai mutumin da zai bi maganata har haka ba, ba a saba ba. Ya kusa raba ka da matarka. Wannan ba zan yi wasa da shi ba, ka yafe mini, ka ce wa Idiyatu ma ta yafe.

Yaron ka sa masa sunan mahaifinka ko nata. Kada ka sa masa nawa, dangi ba za su iya da biyu ba. In ka ga dama ka zage ni, takarda ta isa, zan kai wa mai shago ya karanta mini da ƙarfi.

Cerno Madiyu bai taɓa rubuto maka ko harafi ɗaya ba. Daga ta farko har wannan, a kan teburin kicin ɗin innata aka rubuta su, tsakanin kai abinci da kai abinci. Ni ne, ɗan gwaggonka,

Saiku